Allurar Baya: Kafin Manomin Bakolori Ya Sayar Da Buhunsa

Shinkafar da ake lodawa a motoci daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, a sunkuye ake samun ta. A sunkuye ake cire iri, a sunkuye ake dasa shi cikin taɓo, haka ake ciran ciyawa, haka ake yanka da lauje, sannan a ɗora wa mutum buhu a gadon baya ya fitar da shi bakin hanya. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, rani ya daina zama lokacin da ƙugun manomi ke hutawa a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Wanda ya gama da damina, kanal na jiransa. A cikin gida ma ba ta sauya zani ba: mai surfe, mai turara shinkafa, mai jan guga da goyo a baya, kowacce ta san abin da ƙugunta ke gaya mata idan ta kwanta da dare. Ga 'yan dako a kasuwar Talata, ga 'yan kabu-kabu da ke yini suna faɗawa ramuka.

Ciwon baya dai ɗan gida ne a nan, kuma ba mu kaɗai yake wa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya. Baƙon da ya shigo shi ne labarin wata allura da ake yi a ƙashin baya, wadda likitoci ke kira efidural, ana zuba maganin sitiroyid kusa da jijiya. Masu dawowa daga asibitocin Kano da Abuja, ko Alkahira da Indiya, su ke kawo labarin, waya kuma ta ƙara masa gishiri: wai allura ɗaya tak, mutumin da aka shigo da shi a rirriƙe ya fita da ƙafarsa. A wurin jama'ar da ta riga ta yarda cewa ƙwaya wasan yara ce, allura ce magani, irin wannan labari ba ya buƙatar mai talla.

Allurar gaskiya ce, kuma tana da amfani. Sai dai amfanin kaɗan ne, na ɗan lokaci ne, kuma mutum ƙalilan ne daga cikin masu ciwon baya suka dace da ita. Yawancin masu riƙe ƙugu a gonakin Bakolori ba sa cikinsu.

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, an jera su ɗaya kan ɗaya, tsakanin kowaɗanne biyu akwai wani faifai mai taushi da ke shanye nauyi da girgiza. Ta tsakiyar gaɓoɓin akwai rami inda laka ke bi, jijiyoyi na fita hagu da dama. Waɗanda ke fita daga ƙasan ƙugu su ne ke haɗuwa su zama jijiya mafi kauri a jikin ɗan Adam, kusan kaurin babban yatsa, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, rassanta su kai har tafin ƙafa. Idan faifan nan ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo ya taɓa saiwar jijiyar, wurin sai ya kumbura. Mai irin wannan ciwon ba ya ɓoyuwa. Zai ce maka, "Likita, bayan ma da sauƙi, ƙafar ce ke hana ni barci." Zafi kamar an jona masa lantarki daga ɗuwawu zuwa ƙauri, ga mijirya a yatsu, tari ko atishawa su sa shi ƙara. Wannan shi ne sayatika a bakin likitoci, irƙun nasa a bakin masu maganin Musulunci. Wanda kuwa bayansa ne kawai ya riƙe bayan yinin dashe, ƙafa lafiya lau, nasa daban ne, kuma irinsa su ne kusan tara cikin goma na masu ciwon baya.

Yadda ake yin allurar ma ya isa ya nuna cewa ba ta kowa da kowa ba ce. Ana kwantar da mutum rub da ciki, a wanke wurin kamar za a yi tiyata, na'urar hoto a kunne tana nuna wa likita inda bakin allurar yake. A zura ta a hankali har cikin ɗan sararin da ke kewaye da rigar laka, ba tare da an huda rigar ba. A fara sa wani ruwa mai fitowa a hoto don a tabbatar ba jijiyar jini aka shiga ba, sannan a zuba sitiroyid, galibi haɗe da maganin kashe zafi. Sitiroyid ɗin yana rage kumburi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya mayar da faifai mazauninsa, ba ya gyara ƙashi, ba ya ƙara wa ƙugu ƙarfi. Tamkar mai injin ban-ruwa ne da ya ga ya ɗau zafi ya kwara masa ruwa: zai huce ya ci gaba da ja, amma abin da ya lalace a ciki yana nan.

Sa'ar da aka yi ita ce jiki ba inji ba ne. Mafi yawan masu wannan ciwo na ƙafa suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa sha biyu ko ba a yi musu aiki ba, domin jiki da kansa yake tsotse abin da ya ɓullo daga faifan sannu a hankali. A nan ne kowa ke cin kasuwarsa. Wanda aka yi wa ƙaho a mako na biyar ya miƙe a na takwas, wanzami ya gama samun shaida. Wanda ya sha jiƙo zai rantse da mai jiƙon. Wanda aka yi wa allura a Abuja kuwa, har jikokinsa sai sun ji labari. Kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa, amma lokaci ne ya yi mafi yawan aikin, shi kuma ba a biyansa ko sisi.

Kada a haɗa wannan allura da wadda ake yi wa mata a baya idan za a ciro jariri ta tiyata. Waccan ta kashe jiki ce na 'yan sa'o'i, kuma ciwon bayan shekaru da ake ɗora mata, bincike bai tabbatar da laifinta a kai ba. Ciki da goyo da aikin gida sun fi cancantar a tuhume su.

Allurar efidural ba jiya aka fara ta ba. Tun 1901 likitoci a birnin Faris suka soma zuba magani a wannan sarari na baya, sitiroyid kuma ya shigo a 1952 a Italiya, a 1953 a Faransa. Shekara saba'in sun isa a auna abu. A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta duba gwaji 25 da aka yi a kan mutum 2,470 masu sayatika. Abin da ta samu shi ne allurar na rage zafin ƙafa kaɗan, na ɗan gajeren lokaci, kuma ratar da ke tsakaninta da allurar da babu sitiroyid a ciki ƙarama ce, har masu binciken suka ce mai yiwuwa majiyyaci bai ɗauke ta a bakin komai ba. A 2014 an gwada ta a Amurka a kan mutum 400 da ramin ƙashin bayansu ya tsuke, irin ciwon nan na manya da ke sa mutum tafiya kaɗan ya nemi wurin zama. Bayan mako shida, babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka sa wa sitiroyid da waɗanda aka sa wa maganin kashe zafi zalla. Hukumar NICE da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar jinya ta yanke a 2016 cewa ana iya duba yiwuwar yin ta ga mai sabon sayatika mai tsanani, amma kada a yi wa mai ciwon baya zalla allura a ƙashin baya. Ingila ke nan, inda majiyyaci ba ya sayar da akuya kafin ya ga likita.

Akwai hujjar da ke gefen allurar, kuma ba ta raini ba ce. Masu rubuta waɗannan rahotanni sukan ce "sauƙi na 'yan makonni kawai" kamar wani abu ne maras daraja. A wurin mai albashi, mako shida hutun jinya ne, ƙarshen wata kuɗinsa su shigo. A wurin manomin da shinkafarsa ta nuna, tsuntsaye na kanta, leburori sun yi tsada, mako shida shi ne abincin shekara, shi ne bashin taki, shi ne auren 'yarsa. Idan mutum irin wannan ya kwana uku bai runtsa ba saboda ƙafa, likitan da ya san aikinsa ya duba shi, hoto ya nuna faifan a daidai inda ciwon ke nunawa, an gwada ƙwayoyi ba su yi ba, to ban ga laifin a yi masa ba. Barci da ɗan motsi da zai samu kafin jiki ya gama nasa aikin riba ce. Abin da nake so kawai shi ne ya san abin da ya saya. Lokaci ya saya, ba waraka ba, kuma ba kowa ne ma ke samun lokacin ba.

Sai batun haɗari. A 2012 wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Masacusets ta Amurka ya rarraba sitiroyid ɗin da fumfuna ta shiga. Aka yi ta zuba wa mutane a baya a asibitoci masu tsabta, da hannun ƙwararru. Mutum 753 suka kamu a jihohi 20, da yawansu da sanƙarau, 64 suka mutu a ƙidayar hukuma ta lokacin. Ɗan Zamfara ba ya buƙatar a yi masa bayanin sanƙarau, wanda ya ga annobar 2017 ya san yadda yake ɗaukar mutum. A Afrilun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa allurar kan jawo makanta, shanyewar jiki, har mutuwa, duk da cewa ba kasafai ba, ta kuma tunatar cewa ita ba ta taɓa sa hannu a kan zuba sitiroyid a wannan wuri ba. Ƙananan matsalolin sun fi yawa: ciwon kai mai tsanani idan an huda rigar laka, hawan sukari na kwanaki ga mai ciwon sukari, zubar jini a ciki ga mai shan maganin tsinka jini, da raunin ƙashi ga wanda ake ta maimaita masa. Shi ya sa likitocin kirki ba sa wuce uku ko huɗu a shekara. Idan haka ta faru a ƙasar da ake bin kowace kwalba da lamba, mai karatu ya auna da kasuwar maganinmu, wadda hukumar NAFDAC ke ƙona jabu na biliyoyin naira daga cikinta, gobe wasu su shigo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba asibitin ƙwararru ba ne. Sunan allurar ne, idan ya faɗa hannun da bai kamata ba. Mu mutane ne masu son allura. Dattijo zai shiga kemis ya ce, "Yaro, a yi mini allura, ƙwaya ba ta yi mini," yaron kuma ya san idan ya ƙi, na gaba da shi ba zai ƙi ba. Lasisin mai kemis na ƙauye bai ba shi damar yi wa kowa allura ba, amma wa ke tambaya? Sitiroyid ma ba baƙonmu ba ne. Deksametazon da firednisolon suna nan a kowane lungu, su ne cikin haɗin da ake ƙulla wa mai ciwon jiki a leda, su ne cikin sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don ƙiba. Mai ciwon ƙugu ya sha ya ji garau, gobe ya koma, wata shida fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, wani ma kan ƙashin cinyarsa ya mutu. A haɗa da dikilofenak kullum, ciki ya yi gyambo, ƙoda ta gaji. A ɗora da tiramol, wanda saurayi ya fara sha don ya gama kadada, ya wayi gari ba ya iya ɗaga fartanya sai da shi. Wani abin takaicin kuma, allurar ɗuwawu da aka soka a inda bai dace ba tana cikin abubuwan da ke lalata wannan babbar jijiya da muke magana a kanta. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna kuka da yaran da ke zuwa da ƙafa tana ja bayan allurar zazzaɓi. Hannun da bai iya kauce wa jijiya a ɗuwawu ba, shi ne za a miƙa wa ƙashin baya? Duk allurar da aka yi maka a baya a cikin shago ko a ɗakin wani, ko da wane suna aka kira ta, ba ita ba ce. Gara ma kada ta zama ita.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ke wucewa da sauri, mu kuwa dole mu tsaya a kansa. A can, idan mutum ya zo da ciwon baya, da wuya a samu wata muguwar cuta a ƙarƙashi. A nan, tarin fuka na cin ƙashin baya, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Ba lallai mutum ya yi tari ba. Ciwon baya ne da ba ya lafawa ko an kwanta, ya fi tsanani da dare, ga rama, ga zazzaɓin yamma da gumi, a hankali wani ƙullutu ya fito a tsakiyar baya, ƙafafu su fara nauyi. Da yawa daga cikin masu doron da muka taso muna gani a garuruwanmu, wannan ne ya karya su. Sitiroyid yana danne garkuwar jiki, saboda haka zuba shi a bayan irin wannan mutum, ko ɗura masa shi a ƙwaya, taimakon cutar ne. Alhali maganinta kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, ana sha kusan shekara, kuma wanda aka gano da wuri yakan tsira da ƙafafunsa. Ga bakkale da ake ɗauka daga dabbobi da madarar da ba a tafasa ba, ita ma tana kama ƙugu. Ga sikila. Ga dajin mafitsara na dattawa da ke bazuwa zuwa ƙashin baya. Duk waɗannan da "bayana ke ciwo" suke fara sallama, mu kuma mu ce basir ne ko sanyi, mu tsaya gaban motar mai lasifika ranar kasuwa.

Wanda ciwon bayansa ya zo da riƙewar fitsari, ko fitsari da bayan gida suna zubo masa bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafa na rasa ƙarfi kullum, wannan ba mai jiran gobe ba ne. A ranar za a kama hanya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Jinkirin kwana biyu na iya zama na har abada.

Wanda kuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu a tare da shi, ya yi tunani kafin ya auna buhunansa ya kai kasuwa. Kuɗin mota ne, na mutum biyu, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Ga masauki, ga hoton MRI, ga allurar kanta. Hoton ma ba alƙali ba ne. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa a cikin mutanen da ba su da ciwon komai, kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya ɗan turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Ma'ana, idan aka kwashi manoma lafiyayyu daga gona aka sa su a na'urar, da yawa za su fito da takardar da za a iya tsorata su da ita.

Abin da aka tabbatar yana taimakon ciwon baya na yau da kullum ba shi da kwarjini, shi ya sa ba a tallarsa. Kada a kwanta kwana da kwanaki, kwanciya ƙara riƙe baya take yi. A riƙa tafiya da ɗan motsi gwargwadon iko, a gasa da ruwan ɗumi, a sha maganin rage zafi na 'yan kwanaki bisa shawarar ma'aikacin lafiya, a koyi motsa jikin da ke ƙarfafa ƙugu wurin masu gashin ƙashi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta fi karkata ga wayar da kai da motsa jiki da tausa, ta kuma ce a guji magunguna dangin tiramol da ɗamarar ƙugu. Sannan nauyin kansa. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙato ɗaya ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Buhunan kasuwanninmu da yawa sun haura wannan nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ce a raba masa biyu dariya za a yi masa. Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin manoman shinkafa za su iya rage girman buhu ba tare da sun jira Abuja ba. Baro da amalanke da ƙaramin injin yanka sun fi kowace allura kare baya.

Wannan yanki kuma ba maraya ba ne a siyasa. Ahmad Sani Yariman Bakura ya mulki Zamfara daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Jimilla shekara ashirin kujerar gwamna ta yi a hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku, kuma har gobe muryarsu na kai wa inda ake raba kasafi. Iyayen manoman nan sun biya kuɗin Bakolori da gonakinsu, wasu da rayukansu a Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu neman diyya. Bai yi yawa ba idan 'ya'yansu suka nemi sashen gashin ƙashi mai ma'aikata da kayan aiki a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da na'urar hoton ƙashi mai wuta, da ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka koya wa gane tarin fuka na baya tun kafin ya karya mutum. Jami'ar Bayero a Kano ta daɗe tana yaye masu gashin ƙashi, albashi da tsaro ne za su kawo su. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna kuma ta leƙa bayan kantocin kemis, ta ga abin da ake yi a bayan labule.

Kai kuma ɗan'uwa, idan har ta kai an ce za a yi maka wannan allura, kafin ka kwanta ka tambaya. Me aka gani a jikina da ya nuna jijiya ce ta matse? An tabbatar ba tarin fuka ko wata cuta ba ce? Wa zai yi, likitan sa barci ne, ko na ƙashi, ko na laka, kuma da na'urar hoto zai yi? An san ina da ciwon sukari ko ina shan maganin tsinka jini? Sauƙin na wata nawa ne, kuma idan bai zo ba me ke gaba? Likitan ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan ka ga ana kame-kame, sauke rigarka ka tafi.